Ta'aliƙi a kan littafin ɗalibi: amsa ga wani malami a Aboabo

Wani malami da ke koyarwa a makarantar Arabiyya da boko a Aboabo ya aiko mini da tambaya. Tsohon ɗalibinsa ya rubuta littafi da Hausa mai shafi 140 a kan tarihin malaman zangon Kumasi, ya kawo masa tare da goro da ambulan, yana roƙon ta'aliƙi, wato 'yan kalmomin yabo da shaida a kan littafin, da za a sa a farkonsa, a kuma tsakuro wani yanki a bangon baya. Mai ɗab'i a Asafo yana jira, an tsayar da ranar ƙaddamarwa nan da mako uku. Malamin ya karanta kusan rabi. Hirarrakin da yaron ya yi da dattawa a babi na uku da na huɗu sun burge shi, amma ya ci karo da kurakurai biyu: littafin ya ce Musulmi ba su shigo Kumasi ba sai bayan yaƙin 1900, ya kuma ce Alhaji Umaru, shahararren malamin nan kuma marubuci, a Salaga ya rasu. Yaron ya ƙara da cewa idan Malam ba shi da sukuni, shi zai rubuta, Malam ya sa hannu kawai. Malamin yana son ya san ko ya rubuta ko ya ƙi, kuma in zai rubuta me zai ce.

Malam, amsata ita ce ka rubuta, amma ba a wannan makon ba, kuma ba bisa tsarin da aka kawo maka ba. Na shafe fiye da shekara ashirin ina duba rubutun mutane kafin a kai shi maɗaba'a, a nan Kumasi da kuma Accra, wadda iyayenmu suke kira Ankara, kuma a duk wannan sana'a ban ga shafin da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar shafin ta'aliƙi ba, alhali shi ne wanda mai saye yake fara dubawa.

Yawancinmu mun ɗauki ta'aliƙi a matsayin kyautar da babba yake yi wa ƙarami, kamar yadda ake sa wa ango albarka. Sai dai marubucin ba shi ne mai buƙatar karanta shi ba, domin ya riga ya san abin da ke cikin littafinsa. Wanda kake yi wa magana shi ne mutumin da ya fito daga Babban Masallaci bayan an idar da Juma'a, ya durƙusa ya ɗauki littafin daga kan tabarmar mai sayarwa, ya juya bayansa, bai san marubucin ba amma ya san ka. Idan ya zaro kuɗi daga cikin na cefane ya biya, da sunanka ya saya. Saboda haka ta'aliƙi shaida ce, kuma hukuncin shaida ne yake hawa kanta, wato ba a bayar da ita a kan abin da ido bai gani ba.

Malaman Larabci suna kiran wannan rubutu taƙarizi. Asalin kalmar daga ƙaraz ne, itacen da Larabawa suke jemar fata da shi, irin aikin da bagaruwa take yi wa majemanmu, daga baya aka ari kalmar don yabon mutumin da yake raye, saɓanin yabon mamaci wanda yake da nasa sunan daban. Al'ada ce tsohuwa, domin tun a ƙarni na 14 marubuta a Misira suna zagaya manyan malamai da littattafansu suna tattara irin waɗannan kalmomi. Abin da nake so ka lura da shi shi ne bambancinsa da ijaza, wato shaidar da malami yake bai wa ɗalibinsa cewa ya yi karatu a wurinsa. A ƙasarmu ta Gana malaman Wangara sun daɗe suna bai wa ɗalibi takardar isnadi idan ya sauke Tafsirin Jalalaini da Ashafa da Muwaɗɗa, ana jera sunayen malamai daga wanda ya karantar da shi har can baya. Wannan takarda shaida ce a kan mutum, cewa ya durƙusa a gabana ya karanta. Taƙarizi kuwa shaida ce a kan littafi. Ɗalibai da yawa idan suka zo neman ta'aliƙi, a zuciyarsu ijaza suke nema, suna son duniya ta ji cewa Malam ya ce nasa ne. Babu laifi ka faɗi cewa ya yi karatu a wurinka, gaskiya ce kuma mai karatu ya cancanci ya san akwai dangantaka a tsakaninku, amma nahawu da fiƙihu ka koya masa, ba tarihi ba, kuma ladabin da ya yi maka a aji ba ya gyara shekarar da ya rubuta ba daidai ba.

Wani zai ce ai kowa ya san yabon bangon littafi romon baka ne, babu wanda yake ɗaukarsa da nauyi. Wannan hujja ta maroƙi ce, kuma a wurinsa tana da inganci. Idan maroƙi ya wasa mutum a wurin biki ya kira shi giwa, babu wanda aka yaudara, domin jama'a sun san sana'arsa kuma sun ga lokacin da aka miƙa masa kuɗi. Kai kuwa shekara da shekaru kana gina suna a kan cewa idan ka ce abu ya inganta to ya inganta, kuma wannan sunan ne ake son a ara. Ka san hadisin Abu Bakrata da ke cikin Buhari da Muslim, inda wani ya yabi wani a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa ya yanke wuyan abokinsa, sannan ya koyar da cewa wanda ba makawa sai ya yi yabo, to ya ce ina zaton wane kaza ne, Allah ne mai yi masa hisabi, idan har ya san hakan daga gare shi. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ya shafe mu. Ba a hana yabo ba, an ɗaure shi ne da sani.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan rami. Wani bawan Allah ya kawo mini littafinsa na wa'azi ana saura kwana huɗu a kai shi maɗaba'a. Na karanta babi biyu na farko a cikin motar haya tsakanin Kejetia da Tafo, na ga nasiha ce mai daɗi a kan zumunci da haƙƙin maƙwabci, na rubuta masa layi shida, har da cewa littafi ne da ya kamata kowane gida ya mallaka. Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, mai gabatarwa ya karanta kalmomina ta lasifika har sau biyu, ni kuma ina zaune a sahun gaba ina sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. Bayan kamar wata guda wani dattijo ya tare ni a Alabar, littafin yana hannunsa, ya naɗe kusurwar wani shafi can wajen ƙarshe. Ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya ce, "Malam, ashe kai ma haka ka ɗauke mu?" Babin gaba ɗaya cin mutuncin malaman wani ɓangare ne, waɗanda wasunsu a gabansu na yi karatu. Na ce masa ban kai wurin ba lokacin da na rubuta. Ya dube ni ya ce, "To, wannan ai ya fi muni." Ban sami abin da zan ce masa ba. Don haka, Malam, rabin da ya rage maka ka karanta shi tukuna. Shafi saba'in bai wuce aikin dare uku ba.

Kurakuran da ka gani kuwa ba na a kau da kai ba ne, domin littafin tarihi ne, kuma su ne ginshiƙan abin da yake ba da labari a kai. Gaskiya ne zango kamar yadda muka san shi yau ya bunƙasa ne bayan Turawan Ingila sun kama Kumasi a 1896, musamman bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, kuma mai yiwuwa daga nan yaron ya ruɗe. Amma Musulmi sun riga wannan zamani da nisa. Jakadun Ingila biyu, Bowdich, wanda ya zo Kumasi a 1817, da Dupuis, wanda ya zo a 1820, dukansu sun tarar da jama'ar Musulmi a garin, malamansu suna da kusanci da fadar Asantehene Osei Bonsu, suna rubuta wasiƙu da Larabci suna kuma yin layu. Har yau akwai tarin takardun Larabci na wannan zamani daga ƙasar Asante a ajiye a babban ɗakin karatu na Kwapanhegan a Danmak. Littafin da ya fara lissafi daga 1900 ya share aƙalla shekara tamanin na mutanen da yake cewa yana ba da tarihinsu. Shi kuma Alhaji Umaru, a Kano aka haife shi wajen 1858, ya zauna a Salaga lokacin da take cibiyar fataucin goro, amma yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, ya koma Kete-Krachi, ya yi limanci a can, kuma a can ya rasu a 1934. Kwafin rubuce-rubucensa suna cikin tarin Larabci da Hausa na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon, kuma ba a rasa jikokin almajiransa a zangunanmu waɗanda za su gane kuskuren tun kafin su gama karanta layin. Idan suka gane, sunan da za su fara dubawa shi ne na malamin da ya ce ya karanta.

Ka kira shi shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba, kuma ba ta WhatsApp ba. Ka fara da babin da ya burge ka, ka faɗi takamaiman abin da ya burge ka a ciki don ya tabbata ka karanta da gaske, sannan ka buɗe shafukan da ka yi wa alama da fensir. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zai kawo maka uzurin lokaci, to ka sani gyaran sakin layi biyu ko uku a kwamfuta aikin yini guda ne, muddin mai ɗab'i bai riga ya fitar da faranti ba, wato farantin da ake ɗora wa injin buga littafi. Wannan shi ne abin da ya kamata ka tambaya tun yau, domin bayan an fitar da faranti kowane gyara kuɗi ne, bayan an buga kuwa sai dai a liƙa takardar gyara a cikin kowane kwafi.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba ka ambata ba amma na tabbata ka gani. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da Hukumar Harsunan Gana take buga littattafai da su, saboda haka yawancin 'ya'yan zango suna jin Hausa tun daga goyo amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu ƙa'idar rubuta ta. Ni ba na cikin masu cewa dole ɗan Kumasi ya rubuta Kananci. Idan wata tsohuwa a Sabon Zango ta ba da labari da Hausarmu wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba, a bar maganarta yadda ta faɗe ta, domin ita ma tarihi ce. Amma haruffa masu lanƙwasa ba ado ba ne. A littafin da kusan kowane shafi yake maganar baƙi, idan aka rubuta baki, an canza magana. Ka ba shi shawara ya nemi mai duba masa wannan, kai kuma kada ka rubuta cewa an yi littafin da Hausa tsantsa mai bin ƙa'ida idan ba haka ba ne. Abin da ba za ka iya yabawa ba, ka yi shiru a kansa, masu karatu na gaske suna fahimtar shirun.

Tayin da ya yi na ya rubuta ka sa hannu, ka ƙi shi cikin raha, kada ka mai da shi laifi, domin ya ga manya suna yi ne. Marubuci ba ya iya yabon kansa da ma'auni, kuma duk wanda ya saba jin huɗubarka ko darasinka zai gane ba muryarka ba ce. Goro kuwa ka karɓa, al'ada ce ta neman alfarma, mayar da shi cin fuska ne. Ambulan ɗin ne nake ba ka shawara ka mayar, ka ce ya ƙara a kuɗin takarda. Idan ya ɗauke ka aikin gyaran littafin daga farko zuwa ƙarshe, wannan aiki ne, ladansa halal ne, ni ma da shi nake ci. Amma kuɗin da aka haɗa da roƙon yabo yana ɗaure harshe ko da mai bayarwa bai yi nufin haka ba, kuma za ka ji nauyinsa daidai lokacin da kake son ka ce masa shafi kaza ba daidai ba ne.

Idan ya gyara, rubutun kansa ba shi da wuya. Ka faɗi abin da ka karanta, ka nuna wuri ɗaya ko biyu da littafin ya yi ƙarfi, ka faɗi wanda zai amfana da shi. Ka guji kalmomin da suka gaji da aiki, irin su gagarumin aiki, ya cike giɓi, ba a taɓa yin irinsa ba, domin an liƙa su a bayan littattafai masu kyau da marasa kyau har sun daina nuna komai. Mai karatu ya fi gaskata wanda ya ambaci babi da lamba. Ga misalin abin da nake nufi, ka sake shi da naka bakin:

"Na karanta wannan littafi daga farko har ƙarshe. Marubucin ya yi karatu a wurina, kuma na san shi da naci. Ƙarfin littafin yana babi na uku da na huɗu, inda ya zauna da dattawan unguwanninmu ya rubuta abin da suka riƙe game da makarantun allo da malamansu tun kafin a rasa masu ba da labarin. Duk mai son sanin wa ya karantar da wa a zangon Kumasi zai amfana da shi. Wannan shi ne abin da na gani, Allah ne mafi sani."

Wannan bai kai kalma casa'in ba, kuma ya ishi bangon baya. Na cikin littafi kada ya wuce shafi guda, domin ta'aliƙi ba wurin da za ka rubuta naka tarihin zangon ba ne. Na sha ganin malami ya cika shafi biyar da nasa ilimin, bai ambaci littafin ba sai a layin ƙarshe.

Abin da ya rage shi ne tsare kalmominka bayan sun bar hannunka. A 1855 Ralph Waldo Emerson, wanda yake cikin manyan marubutan Amurka a lokacin, ya rubuta wa Walt Whitman wasiƙa ta ƙashin kansa yana yaba waƙoƙinsa. Whitman ya ba jarida wasiƙar, sannan a bugun 1856 ya sa aka buga jimla ɗaya daga cikinta da ruwan zinariya a ƙashin bayan littafin, haɗe da sunan Emerson, ba tare da ya nemi izini ba, ga shi kuma bugun ya ƙunshi sababbin waƙoƙi da Emerson bai gani ba lokacin da ya yi yabon. Irin wannan yana faruwa a Asafo ba tare da mugun nufi ba. Mai tsara bango ya ga wuri ya yi kaɗan, sai ya yanke jimlar da ta fara da "sai dai", ya bar wadda ta gabace ta. Ko kuma a sake buga littafin bayan shekara uku da ƙarin babi biyu, ta'aliƙinka yana nan a gaba kamar ka gan su. Don haka ka sa kwanan wata a ƙarƙashin sunanka, ka ajiye kwafi, ka zaɓi da kanka jimlar da za a tsakuro, ka kuma ce a nuna maka samfurin bangon kafin a buga. Ka faɗa masa tun yanzu cewa kalmomin na wannan bugu ne, idan an ƙara wani abu a dawo maka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005, mai lamba 690, ta ba marubuci damar ƙin yarda a jirkita rubutunsa ta hanyar da za ta taɓa mutuncinsa, amma babu malamin da zai kai ɗalibinsa kotu a kan layi biyu, don haka duba samfurin ya fi maka sauƙi. Hotonka ma ka faɗi ko ka yarda a sa shi a takardar tallan da za ta zagaya wayoyi.

Ka kuma sa hannu da sunanka kaɗai, ko ka ƙara da cewa malami ne a Aboabo, ba tare da sunan makarantarku ko hatiminta ba. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na gwamnati ba su ne suke amincewa da littattafan karatu ba, wannan aikin hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa ne, wato NaCCA, kuma iyaye idan suka ga sunan makaranta a bango sai su ɗauka littafin yana cikin waɗanda aka wajabta wa yara.

Idan kuwa ya ƙi gyarawa, ko ya ce faranti ya riga ya fita kuma ba zai liƙa takardar gyara ba, to kada ka rubuta, kuma kada ka fake da cewa ba ka sami lokaci ba, domin zai gane, kuma zai fi jin zafin wannan fiye da gaskiyar. Ka ce masa ba za ka iya sa sunanka a kan shekarun da ka san ba daidai ba ne, amma za ka zo ƙaddamarwa, za ka yi addu'a, za ka sayi kwafinka da kuɗinka. Ka kuma gaya wa mai gabatarwa tun kafin a fara taro cewa addu'a kawai za ka yi, don kada ya miƙo maka lasifika ya ce Malam zai yi sharhin littafi.